Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, Mutumin Bebeji

Wannan tarihin Alhaji Alhassan ne, ɗan Madugu Abdullahi, ɗan Baba Talatin, wanda duniya ta sani da suna Ɗantata, Allah ya jiƙansa. An haife shi a Bebeji cikin shekara ta 1877, watau 1294 ta Hijira. Ya rasu a birnin Kano cikin 1955, sa'ad da ake lissafa shi shi ne mafi dukiya a cikin attajiran Afirka ta Yamma duka. Mutanen Bebeji da Ƙofa da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, su suka fi kowa cancantar sanin labarinsa, domin ɗan ƙasarsu ne, a nan ya yi allo, a nan ya fara ɗaura kayan fatauci. Abin lura a cikin labarin shi ne, dukiyar da ya gada wurin ubansa ba ta kai shi ko'ina ba. Abin da ya kai shi inda ya kai, tattali ne da amana, waɗanda ya koya yana maraya.

Fasali na ɗaya: asalinsa da maraicinsa

Ku sani, Alhassan Ba'agale ne. Agalawa kuwa jama'a ce da ake danganta asalinta da wajen Azbin, suka zauna ƙasar Katsina da ta Kano, suka shahara da fataucin goro, su da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya taso, ya zauna Madobi. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi a sana'a har ya zama madugu, sa'an nan ya koma Bebeji, domin gari ne mai ganuwa da kasuwa, a kan hanyar Kano zuwa Zazzau, inda ayarin Gwanja ke ya da zango.

Tafiyar Gwanja a wancan zamani ba ƙaramin al'amari ba ce. Ayari ya tashi da kanwa da turkuɗi da riguna da jemammun fatu bisa jakuna da alfadarai da takarkarai, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, kana ya sauka Salaga. A can ake sayen goron da ake kawowa daga kurmin Asante, a naɗe shi da ganye, a riƙa kwancewa ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa har a iso gida. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani sa'i har shekara. Madugu shi ke da ayari. Shi ke shawara da jagaba a kan hanyar da za a bi, shi ke daidaitawa da sarakuna a kan kuɗin fito, shi ke raba gardama, shi ke riƙe kayan wanda ya mutu a hanya har ya sadar da su ga magada. Saboda haka ba a ba mutum madugunci sai an gwada amanarsa. A irin wannan gida aka haifi Alhassan.

Mahaifiyarsa Fatsima, wadda ake kira Amarya, ita ma attajira ce mai jarin kanta. Cikin 1885 Madugu Abdullahi ya rasu, Alhassan yana da shekara takwas. Aka raba gado bisa shari'a, kowane yaro aka fitar masa da rabonsa. Amma 'ya'yan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa juya dukiya, balle jan ayari. Jarin da ke tafiya Gwanja yana dunƙule ya rarrabu, yaran gida suka watse, kafin Alhassan ya yi hankali rabonsa ya ƙare. Amarya kuwa ta tafi Ankara, a bakin teku, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta ci gaba da kasuwancinta a can. Ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwar gidan, sunanta Tata.

Tata ita ta rene shi, har mutane suka daina kiransa ɗan Madugu, suka koma kiransa ɗan Tata. Aka sa shi makarantar allo a Bebeji, ya yi zaman almajirci yadda almajirai ke yi, yana karatu yana aikin ƙarfi don ya sami abin kai wa baka. Masu ba da tarihinsa sun ambaci asusun ƙasa da Tata ta saya masa aka kafa a jikin bango, in ya samo wuri ya ci kaɗan ya jefa saura. Tun daga nan ya san cewa da yayyafi kogi kan cika.

Fasali na biyu: Ankara da Basasa

Da ya kai wajen shekara goma sha biyar, sai ya bi ayarin Gwanja don ya gano mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa da saura Ankara. Yana tsammanin ya zo hutu gidan uwa mai wadata. Amarya kuwa ba ta bar shi ya daɗe a gabanta ba, ta kai shi wurin wani malami ta damƙa masa shi, ya zauna can yana karatu yana neman abincinsa har lokacin komawarsa. Wahalar da ya sha a Ankara ta fi ta Bebeji. Amma a nan ya ga teku, ya ga jiragen ruwa suna sauke kaya, ya ga yadda Turawa ke ciniki da awo da takarda. Wannan gani ya yi masa rana daga baya.

Ya komo Bebeji ke nan ba da jimawa ba fitina ta tashi. Cikin 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita suka taru a Takai bayan Yusufu. Wannan shi ne yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Alu ya karɓi jama'a, ya shiga Kano cikin 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya cikin 1895. Agalawa sun kasance a ɓangaren Tukur, saboda haka da Yusufawa suka yi rinjaye aka washe dukiyarsu, aka kama da yawa daga cikinsu. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama. Sai da fansa suka kuɓuta suka komo Bebeji. Wannan shi ne karo na biyu da ya tsaya babu komai a hannunsa, bai ko cika shekara ashirin ba.

Fasali na uku: sauyin hanya

Ya sake ɗaura kaya. Amma duniyar fatauci ta soma juyawa. Salaga ta lalace da yaƙin cikin gida a 1892, kasuwar goro ta watse zuwa wasu garuruwa. Turawan Ingila suka ci Asante. Nan gida kuma, a ƙarshen watan Janairu na 1903, rundunarsu ta taso daga Zazzau, mutanen Bebeji suka rufe ƙofa, aka fasa ta da igwa, ran 3 ga Fabrairu kuwa Kano ta faɗa hannunsu. A shekarar nan ɗin dai layin dogo daga Sakandi ya isa Kumasi.

Fatake da yawa suka tsaya a kan hanyar da suka gada, suna ganin abin da uba ya yi shi ɗa zai yi. Alhassan kuwa ya lura cewa goro kaya ne mai lalacewa, kowace rana da aka rage a hanya riba ce. Sai ya buɗe hanyar Badun da Ikko. Wajen 1906 yana ɗora goro a jirgin ruwa daga Sakandi da Ankara zuwa Ikko, daga nan a hau da shi Arewa. Yana cikin na farkon Hausawa da suka yi haka. Yakan haɗa kuma da duwatsun wuya da tsakiya da yadin Turawa, ya kawo Kano inda suke da daraja. Ya sauya hanya da abin hawa, amma tsarin gidan madugu yana nan yadda yake: ubangida ya ba yaro jari, yaro ya tafi ya komo ya yi lissafi, wanda ya cika alkawari a ƙara masa.

Fasali na huɗu: gyaɗa

Cikin 1911 layin dogo ya iso Kano, cikin 1912 aka buɗe zirga-zirga har Ikko. Nufin Turawa shi ne a noma musu auduga don masaƙun Ingila. Manoma suka duba suka ga masaƙan gida sun fi Bature biyan auduga da daraja. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, tana zama tare da gero a gona guda, in kasuwa ta ƙi a ci ta a gida, ga kuma haraji da aka ce sai da kuɗin Bature za a biya. A Turai kuma ana neman manta don sabulu da man shafa wa burodi. Sai manoma suka juya ga gyaɗa. Cikin 1913 abin da aka fitar daga Nijeriya ya kai wajen tan 19,000, alhali shekarar da ta gabata bai kai tan 3,000 ba.

To, Baturen kanti yana da kuɗi da sikeli, amma bai san ƙauye ba, bai san wanda za a ba bashi ya biya ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Su ne suka shiga tsakanin kamfani da manomi. Alhassan ya taso daga Bebeji ya gina gida a Sarari, wajen Koki, cikin birnin Kano. A 1918 ya karɓi wakilcin sayen gyaɗa na Kamfanin Neja.

Ga yadda aikin yake. Kamfani ya ba babban wakili kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu kasuwannin ƙauye da tsabar kuɗi da gishiri da yadi, su ƙulla alkawari da manoma. In an cire gyaɗa mata sun ɓare ta, a auna, a ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa Kano, a hau sikeli, a ɗinke buhu, a jira jirgi. Tun daga kanti har bakin gona bashi ne a kan bashi, babu jingina sai mutunci. In yaro guda ya ci amana, asarar a wuyan ubangida take. Saboda haka wanda ya fi yawan amintattun yara shi ke fin kowa saye, wanda kuma ya fi cika alkawari shi kamfani ke ƙara wa kuɗi baɗi. Alhassan ya shigo wannan ciniki a bayan wasu, amma ya zo da jarin kansa wanda ya tara a goro, da jama'ar da ya gwada shekara da shekaru. Zuwa 1922 ya wuce Sharubutu da Agogo, ya zama shi ne babban attajirin Kano.

Cikin 1929 Kamfanin Neja ya haɗu da wani kamfani suka zama UAC, Alhassan ya zama babban mai saya musu gyaɗa a Arewa. Da gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, sai aka shiga jera buhuna a fili, ƙasa da faɗi sama da tsini, a rufe da tamfol. Wannan ita ce dalar gyaɗa, wadda guda takan ɗauki buhu wajen 15,000, sunan Ɗantata kuwa ya haɗu da ita har abada a bakin mutane.

Amma kada mai karatu ya zaci hanya a share take. Farashi a Turai ake yanka shi, kamfanonin Turawa kuma sukan haɗa baki a kan abin da za su biya. Da kasuwar duniya ta faɗi daga 1929, gyaɗa ta yi arha ƙwarai, manoma suka sha wuya, 'yan tsakiya da yawa suka karye da bashi a wuyansu. Alhassan ya tsaya, domin ba ya cinye riba, kuma bai zuba jarinsa a tukunya guda ba: yana goro, yana shanu, yana yadi, yana sayen filaye da gidaje. Ya nemi iznin fitar da gyaɗa ƙasashen waje da kansa, ba a ba shi ba, domin wannan ƙofa ta Turawa ce a lokacin. Sai bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, a farkon shekarun 1950, ya sami lasin saya wa hukuma kai tsaye da sunan gidansa, watau Alhassan Dantata and Sons.

Fasali na biyar: halinsa da matsayinsa

A 1929 ɗin nan, da bankin Turawa, wanda ake kira First Bank yanzu, ya buɗe reshe a Kano, attajirai da yawa suka ja baya, wasu don tsoron riba, wasu don ba su yarda su ba baƙo ajiya ba. Alhassan ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin ya ajiye. Labarin ya game gari. Wanda ya fara da asusun ƙasa a bangon ɗakin Tata ya gane cewa dukiya mai yawa tana bukatar ma'aji mai ƙarfi da lissafi a rubuce.

Duk da wannan wadata, an san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi, ba ya son almubazzaranci, yana duba lissafinsa da kansa. Ya yi aikin Hajji a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, a zamanin da mafi yawan alhazai ke tafiya a ƙasa ta Barno da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Bayan haka ya biya wa malamai da waɗansu bayin Allah kuɗin Hajji. Baƙadire ne. Yakan yanka shanu da salla a raba wa mabukata, yakan ciyar da almajirai, domin ya san zaman da suke yi.

Shi ba ɗan sarauta ba ne, amma wajen 1950, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka shigar da shi majalisar Sarki don a ji muryar 'yan kasuwa. Ya shiga jam'iyyar NPC. Ya haɗa kai da waɗansu attajiran Kano suka zuba jari aka kafa kamfanin 'yan ƙasa, wanda ya gina masaƙar zamani a Kano, domin ya ga cewa wanda ke sayar da ɗanyen kaya ya sayo saƙaƙƙe kullum shi ne a ƙasa.

Fasali na shida: wasiyyarsa da abin da ya biyo baya

Cikin 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jikinsa, ya tara 'ya'yansa, ya kira babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli. Ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, kada su bari gidan ciniki ya rushe bayansa, su kuma ci gaba da riƙon yaran gida yadda ya riƙe su. Dalilin wannan wasiyya a fili yake ga wanda ya bi labarin tun farko. Ya gani da idonsa yana ɗan shekara takwas yadda ayarin ubansa ya watse. Bai nemi a hana kowa rabonsa ba, gado kuwa an raba shi yadda shari'a ta ce. Abin da ya nema shi ne, bayan kowa ya san nasa, a bar jari yana aiki wuri guda.

Ya rasu ran Laraba 17 ga Agusta, 1955, a ƙarshen watan Zulhajji na 1374, aka rufe shi a gidansa na Sarari. Ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har ya rasu a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da wasu sana'o'i, ya rayu har 2025, aka rufe shi a Madina. Sanusi ya yi nasa suna a gyaɗa da sufuri da hidimar Ƙadiriyya, ya rasu a 1997. Mamuda ya shahara da jigilar alhazai. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa, wanda aka haifa a 1957, mai siminti da sukari da matatar mai a Ikko, ɗan Mariya ne 'yar Sanusi, watau tattaɓa-kunnen Alhassan ne.

Dalar gyaɗa ita kam ta tafi. Farin da aka yi a 1972 da 1973, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da komawar hankalin hukuma ga man fetur, su suka kwantar da cinikin, har aka rushe hukumomin ciniki a 1986. Hanyar Gwanja ta mutu tun gabanin haka. Gidan kuwa bai mutu tare da su ba, domin ba a kan goro ko gyaɗa aka kafa shi ba tun asali, haja ce kawai ake sauyawa.

Kammalawa

Ya ku fatake da 'yan kasuwa, wanda ke da yara a ƙarƙashinsa ya dubi wannan. Kuɗin da kamfani ya riƙa damƙa wa Alhassan babu jingina, saboda cika alkawarinsa ne na shekarun baya. Wanda kuma ke da 'ya'ya ƙanana ya tuna da Madugu Abdullahi, ya koya musu sana'a da lissafi tun yana da rai, ya bayyana abin da ke nasa da abin da ke na mutane, domin dukiyar da ta faɗa hannun wanda bai san wahalarta ba ba ta daɗewa. Ya ku malamai masu almajirai, yaron da ke zaune gaban wutar karatu da tsumma a jikinsa, babu wanda ya san abin da Allah zai yi da shi, sai a kyautata riƙonsa.

Madugu Abdullahi ya ja ayari, Amarya ta tara dukiya a Ankara, amma sunan da ke kan kamfani da tituna da zuriya mai yawa sunan Tata ne, tsohuwar da ba ta mallaki ko kanta ba, wadda aka ba amanar marayu ta riƙe. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Alhassan da iyayensa, ya sa albarka a kasuwar kowane mai neman halas. Amin. Tamat.